Kalmar da Na Tsallake a Wasiƙar Baba

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye a bakin titi ina jiran keke, sai wata babbar mota shaƙe da jarkokin manja ta zo ta tsaya dab da ni. Direban ya sauko yana bubbuga tayoyi da ƙafa. Warin man dizal da ya gauraya da na manja ya doki hancina, na tsaya kamar an dasa ni. Keke biyu suka rage gudu suka yi mini hon, ban ko ɗaga hannu ba. Haka rigar sanyin mahaifina take wari duk ranar da ya dawo daga tafiya. Da wannan warin wata damina guda ta dawo mini, daminar da nake aji biyar a firamare, wadda na kusa tarwatsa gidanmu saboda wata kalmar Turanci mai harafi uku.

Gidanmu yana unguwar Dilimi, a cikin Jos. Kakanmu ne ya gina shi, wanda ya zo daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza da keken ɗinkinsa, ya zauna yana yi wa leburori riguna har garin ya zama nasa. Tsakar gida ɗaya ce mai faɗi, da rijiya a gefe, da bishiyar fiya da ke zubo mana 'ya'ya a kan kwanon rufi. Baba Babba, yayan mahaifina, yana ɓangaren gabas da iyalinsa, shi ya gaji ɗinkin. Mu muna yamma. Ɗakin Kaka, mahaifiyarsu, yana tsakiya, inda in ta shimfiɗa tabarma a ƙofa tana ganin kowa. Baba shi direba ne. Yakan ɗauki dankali da kabeji da karas ya kai Fatakwal, ya juyo da manja da garin rogo. Tafiyar kan ci kwana goma, in ta yi tsawo mako biyu.

Shekara guda bayan rasuwar kakanmu, Baba Babba ya ce zai ja katanga ya raba tsakar gidan. Ba mugun mutum ba ne. 'Ya'yansa mata sun tasa, abokan Baba direbobi kuma suna shigowa har ciki, shi ne dalilin da ya bayar. Amma yadda aka ja layin, ɗakin Kaka zai faɗo ɓangarenmu, in tana son ganin babban ɗanta sai ta fita titi ta zagaya. Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke-wanke bayan la'asar na ji muryarsu ta tashi. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa yayansa murya ba sai ranar.

Ya ce, "Yaya, in ka ja katangar nan a tsakiyar gidan mahaifinmu, na bar maka gidan, na bar maka garin ma."

Washegari bayan asuba ya ɗauki jakarsa ya tafi lodi. Bai leƙa ɓangaren gabas ya yi sallama ba. Kwana uku bayan nan aka kawo bulo, cikin mako guda katanga ta tashi har ta wuce kan babba.

Mako biyu ya wuce, Baba bai dawo ba. Wata ya cika. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, labari sai a bakin direbobi a tasha. A mako na shida aka ga motarsa ta shigo gari, amma wani ne a kan sitiyari. Ya ce mai motar ne ya tura shi ya ɗauko ta a garejin Fatakwal, shi bai ga Baba da idonsa ba, kuma ba wanda ya iya gaya masa inda yake. Daga nan maganar da ya faɗa a tsakar gida ta fara yawo a unguwa, kowa yana ƙara mata tasa.

Mama ba mai yawan magana ba ce. Abin da na sani shi ne kullum da yamma takan zuba tuwon Baba a kwanonsa, ta rufe, ta ajiye a kan kabad. Da safe ta ɗumama mana shi mu ci kafin mu tafi makaranta. Wata uku tana haka, tun ruwan farko har aka shiga marka. In ka san Jos ka san markarta: ruwa ya kwana ya wuni yana zuba siriri, sanyi ya shiga ƙashi, bango ya yi gumi, ashana ta ƙi kamawa. Kogin Dilimi ya cika ya yi ja, masu wanki suka rasa inda za su shanya kaya.

A irin wannan rana ce wani mutum ya yi sallama da hantsi, ya miƙo takarda a cikin leda. Direban motar fasinja ne, ya ce shi ma wani ne ya ba shi a hanya, bai san mai saƙon ba, kwatancen gida kawai aka yi masa. Falle ɗaya ce da aka yago daga littafin rubutu, an ninka ta huɗu, an yi rubutu da shuɗin biro. Da Turanci. Baba bai iya rubutu ba, ko na boko ko na ajami. Daga baya muka ji cewa wani ɗan kudu mai kemis, wanda ya yi jinyarsa a bayan shagonsa, shi ya rubuta masa.

A wancan ɓangaren akwai yayyena, 'ya'yan Baba Babba, da suke sakandare. Amma Mama ba za ta kai wasiƙar mijinta bayan katangar da ta kore shi ba. Kaka ta ce, "Ku kira mini 'yar bokon nan." Haka take kirana, domin ni nake zuwa ta ɗaya a karatu, kuma ba na bari a manta da hakan.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin Kaka, na buɗe takardar. Layi huɗu ne, har yau ina iya kawo su da ka:

"I was sick for two months. I am well now. I have left for Jos. Greet my mother for me."

Manyan kalmomin duk na san su. Ƙaramar nan, "for", ita ma na san ta, ko in ce na ɗauka na san ta. An koya mana a aji cewa ma'anarta "domin", kamar a ce wannan littafi dominki ne. Da na zo layin farko na gwada a zuciyata: na yi rashin lafiya domin wata biyu. Bai yi ma'ana ba. Sai na jefar da ita, na ce, "Ya ce ya yi rashin lafiya wata biyu." Magana ta fito sumul. Mama ta dafe ƙirji. Na ce, "Ya ce yanzu ya warke." Kaka ta yi hamdala. Tunda na jefar da kalmar sau ɗaya ba abin da ya lalace, da na zo layi na uku ban ko tsaya ba. Na ga "left", na ga "Jos".

Na ce, "Ya ce ya bar Jos."

Ban ɗago ba, na wuce layin ƙarshe.

"Ya ce kuma a gaida mahaifiyarsa."

Kaka ta ce, "Sake karantawa."

Na sake, da murya mai ƙarfi, ina alfahari ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai da na ɗago na ga fuskar Mama na gane abin da na faɗa. Gaisuwar ƙarshen nan ma ta zama kamar ban kwana. Ba wanda ya yi shakkar karatuna, domin abin da na karanta shi ne abin da kowa ya ji da kunnensa wata uku da suka wuce.

Da yammar nan Mama ta tuƙa tuwo, ta zuba wa kowa. Kwanon Baba ta wanke shi ta kife. Wannan ya fi kuka tsorata ni. Washegari ta aika wa yayanta a Bauci cewa ya zo ya ɗauke mu, ta fara wanke kayanmu tana shanyawa a igiya cikin ɗaki, suna ɗiga a kan siminti. Na tambaye ta makaranta fa, ta ce a can ma akwai makaranta. Kaka kuwa ta juya fuska ga bango. Tana da hawan jini, ba a so ta zauna da yunwa, amma ko kunu aka kai sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

A rana ta biyu ta tashi ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta, ta ce in riƙe mata lema. Muka fita titi cikin yayyafi, muka zagaya a hankali har shagon Baba Babba. Ka tuna shi ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin ta kalle shi ido da ido ba, in za ta yi masa magana sai ta bi ta bakin wani. Ranar ta tsaya a ƙofar shagon ta kalle shi. Ya ɗauke ƙafa daga kan keken, ya miƙe.

Ta ce, "Ka sami katangarka. Ni na rasa ɗa. Sai ka riƙe ta da kyau."

Ba ta jira amsa ba, muka juyo.

Da gari ya waye muka ji dukan guduma. Na fito na ga ƙura tana tashi, bulo yana faɗowa ta ɓangarenmu. Baba Babba ne da kansa, da singileti, yana fasa tsakiyar katangar daidai saitin ɗakin Kaka. Bai kira magini ba. Sai da ya buɗe gurbi daidai faɗin ƙofa, ya kwashe ɓaraguzan da kwano, ya koma shagonsa.

A ranar ce da azahar Malama ta dawo. Gidanta yana tsallaken lungunmu, ƙofa na kallon ƙofa. Kirista ce, 'yar wani ƙauye kusa da Vom, ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya, mijinta ya rasu tun kafin a haife ni. Ita da Kaka ƙawaye ne tun suna goyo. Ta je ƙauye noman acca ne, shi ya sa ba ta nan aka yi wannan duka. Hausarta irin ta mutanen da suka koye ta a kasuwa da coci ce, kowa a wajenta "ka" ne, mace da namiji, kuma komai "shi" ne. Muna yara mukan kwaikwaye ta a ɓoye, amma ba wanda ya taɓa kasa gane ta.

Ta shigo da kwanon gwate mai zafi, faten acca da ganye, ta tsaya a kan Kaka. "Kaka, wane irin kwanciya ne wannan da rana tsaka?"

Mama ta ba ta labari a taƙaice. Malama ta zauna a bakin gado, ta ce a kawo takardar. Ta ciro tabarau ɗinta da aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare, ta karanta ba ta buɗe baki ba. Sai ta dube ni ta saman gilashin.

"Zo nan. Karanta mini layin nan, amma ka sa yatsa a kan kowane kalma."

Na sa yatsa. "I. Have. Left." Yatsana ya yi tsalle zuwa "Jos". Ta kama shi, ta mayar da shi baya, ta danne a kan ƙaramar kalmar.

"Wannan fa? Ina ka kai shi?"

Na ce, "Ba ta da aiki a nan, Malama."

"Shi ne ya yi duk aikin." Ta saki yatsana ta juya. "Kaka, tashi ka ci abinci. Bai ce ya bar Jos ba. Ya ce ya taso zuwa Jos. Yaronka yana kan hanyan gida."

Kaka ta juyo a hankali. "Malama, ki duba da kyau. Kada ki faɗa don ki lallashe ni."

"Yaushe na taɓa yi maka ƙarya? In mutum ya ce left Jos, ya fita daga Jos. In ya ce left for Jos, Jos ne a gabansa. Da wannan abu na ci abinci har na tsufa."

Kaka ta miƙa hannu aka tashe ta zaune. Ta karɓi kwanon gwaten ta ɗora a cinya, hawaye na zuba tana ci. Mama ta fita, na jiyo ta tana sauke jiƙaƙƙun kayan daga igiya, tana dariya tana jan hanci. Ni kuwa na zame na bi ta sabon gurbin nan, na ɓuya a bayan rijiya, ina so ƙasa ta buɗe. Kwana uku tsohuwa ba ta ci abinci ba, uwata ta haɗa kaya, an gaya wa Baba Babba maganar da ba a taɓa gaya masa ba, duk a kan bakina. A nan Malama ta same ni. Ba ta lallashe ni ba.

Ta ce, "Kuka ba ya gyara Turanci. Ran Asabar ka zo da littafi da fensir."

Bayan kwana biyu Baba ya iso, gab da la'asar. Wata motar manja ya biyo, wadda take tsayawa gari-gari tana sauke kaya, shi ya sa takardar ta riga shi. Taifot ce ta kwantar da shi. Ya rame har rigar sanyin tana lilo a jikinsa, amma warinta yana nan, na cusa fuskata a ciki. Ya durƙusa gaban Kaka ya daɗe, ita tana shafa kansa tana faɗa masa maganganu ƙasa-ƙasa. Da ya fito ya tsaya yana kallon katangar, yana kallon gurbin da gefensa duk kaushi. Mu duka muna kallonsa. Sai ya cire takalmi kamar mai shiga ɗaki, ya bi ta ciki.

"Yaya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, a gabanmu dai. Da Baba Babba ya ji yadda aka yi, ya tsare ni a zaure ya ce, "'Yar boko, kin sa ni aikin guduma da tsufana." Na sunkuyar da kai. Bayan mako guda ya aiko mini da jakar makaranta da ya ɗinka da ragowar yadin kaki. Sai da na girma na tambayi Baba ko da gaske yake ranar da ya ce ya bar garin. Ya ce da gaske yake. Ya ce a kan tabarmar jinya, yana jin ana yaren da ba ya ganewa ta bayan bango, ya ga ba shi da wani garin.

Asabar ɗin da Malama ta ce, na je. Na ci gaba da zuwa har shekara biyu. Ɗakinta yana ƙanshin gawayi, domin da damina kasko ba ya mutuwa a gefen kujerarta, kuma kullum akwai gyaɗa ko masara a kai. Mun yi abubuwa da yawa daga baya, amma watan farko kaf a kan "for" muka yi shi, kuma ba ta buɗe littafi ba ko sau ɗaya.

Ta zuba shayi a kofi ta ce in kai wa Kaka. "This is for Kaka. Wannan shi ne wanda ka sani, wanda aka yi abu dominsa." Da na dawo ta nuna agogon bango, ta ce in zauna shiru har dogon hannu ya je kan uku. Na zauna ina ƙaiƙayi. Ta ce, "You sat for ten minutes. A nan ba domin ba ne, tsawon lokaci ne. Kamar ciwon babanka." Ta gargaɗe ni kada in haɗa ta da "since", wadda take nuna lokacin da abu ya fara, ba tsawonsa ba. Sannan ta sa ni in fita daga ɗakin in tsaya a tsakar gida: "You left the room." Ta ce in sake fita, amma in nufi madafa: "You left for the kitchen." Na yi ta shiga ina fita har na fara dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Layin ƙarshe na wasiƙar ma ta dawo da ni kansa. Ashe can ma na yi asara ban sani ba. "Greet my mother for me" ba a gaida ta kawai ba ne, a gaishe ta a madadina ne, a tsaya a inda ya kamata in tsaya.

Na taɓa ce mata Turanci ne mai wahala, ƙaramin abu ya juya magana gaba ɗaya. Ta ce, "Hausanku fa? Ya bar ni, da ya bar mini, ɗaya ne?"

Wata rana na ce mata a tasha ina jin ana cewa "I dey for house", to wannan wace iri ce? Ta ce wannan Turancin kasuwa ne, yana da hanyarsa, ita ma tana yi in ta je sayen kifi, amma in bar shi a ƙofar aji ranar jarrabawa.

Wanda ya fi zauna mini shi ne ranar da ta ɓoye allurarta. Ta ajiye almakashi a kan tebur ta ce, "Look at it." Na duba. Ta ce, "Yanzu look for my needle." Na ɗaga matashi, na leƙa ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon zare. Tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ka gani? In ka duba abu, yana gabanka. In ka sa for, ba ya nan, nemansa kake yi. Haka wait for. Haka ask for. Duk abin da bai zo hannu ba tukuna." Allurar tana soke a ɗankwalinta.

Na ci jarrabawa na tafi makarantar kwana. Ina can garin ya rikice, rikicin da duk ɗan Jos ya san abin da ya yi mana. Da aka ba mu hutu na dawo, na tarar da kwaɗo a ƙofar Malama. 'Ya'yanta sun ce ba za ta ƙara zama a unguwar ba. Baba ne ya ɗauke ta a gaban motarsa, da akwatunanta da kujerar nan, ya kai ta har ƙauyensu. An ce ita da Kaka sun riƙe hannun juna a bakin lungu. Bayan nan Kaka takan sa a fitar mata da kujera zaure, ta zauna tana kallon rufaffiyar ƙofar. Na ɗan lokaci saƙo yana tafiya ta hannun Baba, daddawa da kuka su tafi, acca ta dawo. Sai Kaka ta rasu. Sai idon Baba ya raunana ya ajiye tuƙi. Hanyar ta yanke ba tare da kowa ya yanke ta ba.

Kullum ina cewa zan je. Na yi karatun koyarwa, na yi aure, na haihu, na fara koyar da Turanci a nan cikin gari, ina cewa zan je. Zan iya cewa hidima ce ta hana ni, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai tsoro. Garin ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san inda zai taka da irin shigarsa da inda ba zai taka ba, ni ma na saba da hakan kamar kowa.

Sai daminar bara na shiga mota na tafi. Na yi tambaya a bakin wani coci, wata mai gasa masara ta raka ni har gidan. Babbar 'yar Malama ce ta fito, ta yi furfura, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ba ke ce 'yar direba ba?" Ta rungume ni. Ta ce Malama ta cika shekara huɗu da rasuwa.

Ta kai ni bayan gida, inda suka binne ta kusa da gonar acca. A wajenmu mata ba sa zuwa maƙabarta. Ban san inda kabarin Kaka yake ba, ban san na Baba ba, da shi ma ya rasu daga baya. Wannan ne kabari na farko da na taɓa tsayawa a kansa, kuma ban san me ake yi ba. Ciyawa ta fito a gefen simintin. Na ga 'yar ta sunkuya tana cirewa, ni ma na tattare hijabina na tsuguna. Muka yi ta cira har yayyafi ya fara. Kafin mu tashi na ce a hankali, "Malama, na zo. Na makara."

A ɗaki, muna shan shayi, ta yi ta tambayata unguwa. A Dilimi aka haife ta, a nan ta yi wayo, amma tun ranar da aka kwashe kayan uwarta ba ta sake shiga ba. Ta tambayi mai ƙosan bakin masallaci, na ce ta rasu. Ta tambayi gidansu, na ce an sayar, an yi shaguna a gaba. Ta tambaya ko masu wanki suna nan a bakin kogi, na ce suna nan, har yanzu in rana ta fito duwatsun sai su cika da zannuwa. Ta yi murmushi ta kalli waje.

'Ya'yana sun fi ni Turanci a shekarunsu. In kalma ta shige musu duhu, waya suke tambaya, ta ba su amsa kafin in buɗe baki, kuma amsar daidai ce. Ba wasiƙar da za ta kwana uku a gidanmu ba a gane ta ba. Amma a lungun da suke tasowa kowa irinmu ne, masallacinmu ɗaya, abincinmu ɗaya, ba wata tsohuwa daga wani gefen da za ta shigo ba sallamar baƙo ta zauna a bakin gado. Ba su san an taɓa yin haka ba, shi ya sa ba sa kewarsa. Ni ce nake kewarsa a madadinsu.

Da za mu rabu muka karɓi lambar juna. Ta ce tana so ta ga unguwar ko sau ɗaya kafin ƙafa ta gaza. Na ce ta kira ni in ta taso, zan tare ta a bakin babban titi mu shiga tare. Damina ta wuce, wata ta kama, ba ta zo ba tukuna. Ban ga laifinta ba. Ni ma sai da na shekara ashirin da wani abu kafin na yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.